Haƙƙin Ɗan Koto

Ina ɗan shekara goma sha uku na kashe kawara wajen sittin a wuni guda, kuma tausayinsu nake ji lokacin da na ƙarasa su.

Kawuna, wan mahaifiyata, manomi ne a Gidan Goga. Amma da an gama kaka an kai dawa rumbu, sai ya naɗe ƙugiyoyinsa ya nufi bakin dam ɗin Bakolori, ya kafa bukka a cikin masunta, ba ya komawa gida sai hadari ya fara haɗowa. A waccan shekarar aka ba shi ni in taya shi 'yan aikace-aikace a hutun makaranta. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da yashi ke ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, ko jaki ma sai ya nemi gindin itace.

Yawancin ƙugiyoyinsa da tana yake ɗana su, ko gutsuren sabulu, ko mataccen ƙaramin kifi, don tarwaɗa da ƙurungu ba su da zaɓe. Amma akwai wasu 'yan manyan ƙugiyoyi da yake warewa saboda ragon ruwa da ramboshi, waɗanda ya ce sun fi kawo kai ga abin da ke motsi. Saboda su yake kamo ƙananan kawara da asuba, ya ajiye su da rai har rana ta yi sanyi. Ma'ajiyarsu wata tsohuwar randa ce mai faɗin baki. Ya binne rabinta a jiƙaƙƙen yashi a gindin gawo, itacen nan da ke riƙe ganyensa da rani ya zubar da damina, ya kuma rufe bakinta da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ba ya wucewa ta wurin bai ɗaga buhun ya taɓa ruwan da bayan hannu ba. Wani lokacin ya kwashe moɗa biyu ya zubar, ya ɗebo biyu daga gulbi ya tsiyaya a hankali ta gefen randar, kamar mai zuba wa jariri ruwan wanka.

Ran wata Talata ya ɗauki bandarsa ya tafi cin kasuwar Talata Mafara, ya bar ni da tsaron bukka. Ni kuwa randar nan duhu gare ta, ba na ganin kifin sosai, kuma ina son in ga yadda cikinsu ke walƙiya kamar sabon sule. Na juye su a daron ƙarfe, na zauna ina kallo har na gaji. Yara suka kira ni wanka, na bi su. Inuwar gawon ta juya ta bar daron a fili. Da na dawo bayan azahar na tarar da su duk sun taso saman ruwa, bakunansu na buɗewa suna rufewa, wasu sun fara kwanciya da gefe. Na tsoma yatsa, ruwan kamar na shayin da ya ɗan huce. Zuciyata ta yanke. Na ruga na ɗauko tulun ruwan shanmu, mai sanyin nan da ke kama haƙori, na kwarara musu gaba ɗaya. Suka yi wata zabura guda, suka watsu a cikin daron, sannan ɗaya bayan ɗaya suka juya fararen cikkunansu sama.

Kawu ya dawo gab da la'asar. Ya daɗe a tsaye a kan daron. Na riga na shirya wa duka, amma bai ko ɗaga murya ba.

"Wa ya hidda su daga randa?"

"Ni ne, Kawu."

"To, wa ya hiddo su daga gulbi?"

"Kai ne."

"Ashe mu biyu za a tambaya."

Yaro ba ya rasa abin kare kansa. Na ce, "Kawu, ai dā ma da marece za ka soke su a ƙugiya."

Ya dube ni, ya ce, "Marece bai zo ba tukun, ɗan nan. Hantsi da azahar su anka ba ni tsaro, ni kuma na ba ka."

Shekara sama da talatin ke nan ina juya wannan amsar. Tambayar da na yi masa don in tsira daga faɗa, daga baya ta zama tambayata ta gaske. Mene ne amfanin kyautata wa abin da ka riga ka yanke wa mutuwa? Kuma idan kyautatawar da kanta riba take jawo maka, tunda koto mai rai shi ke kamo babban kifi, ta cancanci a kira ta tausayi, ko lissafin ɗan kasuwa ne kawai?

Sai da na girma na fara koyar da kimiyya a sakandare na san abin da ya faru a daron nan. Kifi da iskar oksijin yake rayuwa kamar mu, sai dai tasa narke take a cikin ruwa, kuma 'yar kaɗan ce. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe miligiram 9 ko kusa da haka. A digiri 30 sai ta koma wajen 7.5, a digiri 35 kuwa wajen 7. Wannan ragin shi kaɗai ba zai kashe su ba. Abin da ya tsananta lamarin shi ne, kifi ba shi da zafin jiki nasa na kansa, na ruwan da yake ciki yake ɗauka. In ruwan ya ɗumama, komai na jikinsa sai ya ƙara sauri, buƙatarsa ta iska ta kusan ninkawa a duk ƙarin digiri 10. Wato daidai lokacin da ya fi bukatar numfashi, a lokacin ne ruwan ya fi talaucewa. Ga kuma ƙazantar da suke fitarwa, mai ɗauke da sinadarin amoniya, wadda gubarta ke ƙaruwa da zafi. Kifi sittin a ɗan ruwan da bai kai kamu ɗaya zurfi ba, cikin ƙarfe, a ranar da iska kanta ta haura digiri 40. Na gasa su ne a hankali ban sani ba.

Ruwan sanyin kuwa shi ya ƙarasa aikin. Jikin kifi yana iya bin sauyin zafi in an ba shi lokaci, amma ba ya jure a sauko da shi digiri goma a ƙiftawar ido, balle wanda ya riga ya galabaita. Masu kiwon kifi na zamani suna da ƙa'ida a kan haka: kada bambancin ruwan da aka ɗauko kifi da wanda za a saka shi ya wuce digiri 2 ko 3 a tashi ɗaya. Shi ya sa in an sayo 'ya'yan kifi a leda, ake ɗora ledar a kan ruwan tanki ta yi minti ashirin tana yawo, ana ɗan ɗiga mata ruwan tankin, kafin a sake su. Moɗa biyun nan da Kawu ke tsiyayawa ta gefen randa, wannan ƙa'idar ce, bai taɓa ganin ma'aunin zafi ba. Randar ma ba don rashin daro ya zaɓe ta ba. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar ita ce sanyi ya fi zafi alheri. A jihar Akansas ta Amurka akwai manyan gonaki da ba su kiwon komai sai kifin koto, mafi yawa wani ɗan kifi mai ruwan zinariya da suke kira shaina. Su a ruwan rijiya mai sanyi suke tsare shi, wajen digiri 16 zuwa 21, har ƙanƙara sukan sa in za su yi doguwar tafiya da shi lokacin zafi. Namu kifin ba haka aka halicce su ba. Tarwaɗa da karfasa sun fi walwala tsakanin digiri 26 da 30. In ruwa ya sauko ƙasa da 20 sai su rage cin abinci, karfasa kuwa in ya kai wajen 11 ko 12 sai ta fara mutuwa. Ruwan da ke rayar da shaina yana iya kwantar da namu. Da hunturu Kawu ciro randar yake yi daga gindin gawo ya kai ta inda hantsi zai taɓa ta. Kowane mai rai da ma'aunin da aka yanka masa, kuma wanda ya ɗauke shi daga inda Allah Ya ajiye shi, ya ɗauko har da nauyin sanin wannan ma'aunin.

A nan na fara gane laifina na ranar. Ba ƙeta na yi ba, Allah Ya sani. Duk wanda ya zauna gaban malami ya fara Arba'una Hadis ya san da maganar niyya aka buɗe littafin, kuma mun saba fakewa da ita: ai da kyakkyawar niyya na yi. Amma niyyata ba ta ƙara wa ruwan nan ko ɗigon iska ba. Yaro ne ni, ba a ɗora mini alƙalami ba tukun. Babba fa, wanda ya mai da riƙon rayuka sana'arsa, ya shekara goma kifi na mutuwa a hannunsa bai taɓa tambayar dalili ba? A Ahalari an koya mana cewa bai halatta baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, in bai sani ba ya tambayi masana. Mun taƙaita wannan ga alwala da ƙabli da ba'adi. Ni a ganina wanda ya tsare mai rai a tanki, sanin zafin ruwan da zai rayu a ciki yana daga cikin abin da ya wajaba ya tambaya.

Wani abokin aikina, mutum mai kaifin tunani, da na ba shi labarin nan bai karɓa ba. Ya ce, "Malam, ka daina yi wa kawunka kwalliya. Mataccen koto ba ya kamo ragon ruwa, shi ke nan dalilin randa da buhu. Ka sanyaya wa abu da rana, ka huda masa baya da ƙarfe da yamma, sannan ka ce rahama?" Ban raina maganarsa ba, don akwai gaskiya a cikinta, kuma ta hana ni barci a daren.

Amma da na natsu sai na ga haka ma muke yi da ragon Layya. Ana ba shi dusa da harawa, a wanke shi, a ɗaure shi a inuwa, kowa kuwa ya san ranar da za a kwantar da shi. Hadisi na 17 a Arba'una ɗin nan a kan wannan gaɓar ya sauka: an wajabta kyautatawa a cikin kowane abu, kuma misalin da aka kawo shi ne kisa da yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabbar. Ba a kawo misalin dokin da kake so ko kyanwar da ke kwana a ƙafarka ba. An zaɓi dabbar da ke hannunka wadda ƙarshenta ya zo, wadda ba za ta taɓa rama maka alheri ba. Halascin ɗaukar ranta bai halatta maka sa'o'in da suka gabaci yankan ba. Kifi ma da shari'a ta ɗauke masa yanka, ta halatta mushensa, ba inda aka ce ta ɗauke wa mai riƙe da shi tambaya. Labarin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, laifinta tsarewa ne: ba ta ciyar ba, ba ta kuma saki kyanwar ta nemi nata ba. Kawara a gulbi in saman ruwa ya yi zafi sai ta nutsa ƙasa, in nan bai yi mata ba ta shige ƙarƙashin ciyawa. A daro ba ta da inda za ta. Wanda ya toshe mata waɗannan hanyoyin, shi ya gaji aikinsu.

Batun riba kuwa, ban ga ta ɓata aikin ba. Manomin da ke kula da shanun huɗarsa yana amfana, ba mai cewa don haka kulawar ba ta da lada. Sai dai akwai wurin da riba da tausayi ke rabuwa, kuma a nan ake gane wanne ne ke jan mutum. Ga Kawu wurin shi ne bayan magariba. Sau da yawa in ya gama ɗana ƙugiyoyi akan sami ragowar kawara goma ko sha biyar a randa. Ba su da sauran amfani, gobe da asuba zai kamo sababbi masu ƙarfi. Wasu masuntan watsa su suke yi a yashi, kaji da shirwa su tsince. Shi sai ya kwashe su a ƙwarya ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗora ƙwaryar a kan ruwan, yana karkata ta kaɗan-kaɗan ruwan gulbi na shiga, har sai ya ji da hannunsa ruwan ciki da na waje sun zama ɗaya, sannan ya nutsar da ita su fice da kansu. Yakan ɗauki kusan rubu'in awa a haka, ga gajiya, ga sauro, ga tuwo na jira. Ba ko anini a cikin wannan. Da na faɗa wa abokina, ya yi shiru, sannan ya ce wannan kam ba shi da amsarta.

Akwai abin da nakan tuna duk lokacin da hoton ƙwaryar nan ya zo mini, ko da yake ina jin nauyin haɗa maganar mutane da ta kifi. Ruwan da muke su a cikinsa ba tun fil azal yake nan ba. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina dam ɗin a kan kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Ya tare ruwa kubik mita miliyan 450, ya shafe ƙasa wajen hekta 8,000, aka tashi mutane kimanin 13,000, akasarinsu na yankin Maradun. A cikin maƙwabtanmu na bukka akwai dattijon da in muka zo wani wuri a jirgi yakan tsai da tuƙi ya nuna ƙasan ruwa ya ce nan gonarsu take. An ɗauko mutanen fadama an ajiye su a tudu a tashi ɗaya. Waɗanda kuma gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa suka yi shekaru ana aikin baje ƙasa ba su yi shuka ba, ga rigimar diyya. Da suka tare hanyoyi, a watan Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadin mamata kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ba na shakkar cewa a cikin masu tsara aikin akwai waɗanda alheri suka nufa, shinkafa da alkama suke hangowa, kuma ga shi har yau ana cin shinkafar Bakolori daga Talata Mafara har Bakura. Sun auna ruwa, sun auna ƙasa. Abin da mutum zai iya ɗauka na sauyi a shekara guda ne ba a zauna an auna ba, ba a kuma tambayi masu shi ba. Na san yadda hakan yake, don na taɓa tsayawa da tulu a hannu ina ganin ceto nake yi.

Saura gaɓa ɗaya da har yau ban sami natsuwa a kanta ba, ita ce ƙugiyar kanta. Duk abin da na faɗa ya shafi hantsi da azahar. Marecen fa? Ɗan kifi mai rai, ƙarfe a bayansa, yana ta fizga cikin duhu har babba ya zo ko ya mutu a haka. A 2003 wata masaniya a Birtaniya, Lynne Sneddon, ta nuna cewa akwai jijiyoyin da ke karɓar saƙon rauni a fuskar kifi, kuma halinsa na sauyawa in an cutar da shi. Wasu masanan suka ce wannan bai kai a kira shi jin zafi irin namu ba. Na tambayi malamai biyu da nake girmamawa a kan koto mai rai. Ɗaya ya ce ya halatta saboda buƙata, tunda an hore mana abin da ke cikin ruwa. Ɗayan ya ce shi yana ƙinsa matuƙar mataccen koto zai wadatar, don azabtarwa ce da za a iya kauce mata. Zuciyata ta fi karkata ga na biyun. Amma ni albashi nake ɗauka. Kawu kuwa ragon ruwa guda na iya zama kuɗin takin da zai koma da shi Gidan Goga, kuma ba zan zauna a kan kujera in yanke wa wanda yunwa ke bi hukunci ba. Abin da na shaida shi ne, ƙugiyoyin masu rai ba su taɓa wuce kaɗan a cikin nasa ba, su yake fara dubawa tun kafin assalatu, kuma in zai soka yakan yi bismilla ya yi shi da sauri, ba ya magana, ba ya kuma yarda yaro ya yi masa wannan aikin.

Kawu ya rasu da daɗewa, Allah Ya jiƙansa. Zuwa bakin dam ma yanzu sai an yi shawara saboda halin tsaron da yankinmu ke ciki. A bara ɗana na biyu ya ce zai gwada kiwon tarwaɗa a bayan gida. Ya sayo baƙin tankin roba, ya yanke samansa, ya girke shi a tsakar fili inda ba ko inuwar katanga, ya ce gobe za a kawo masa 'ya'yan kifi ɗari biyar. Na ce ya bari tukun. Muka kafa rumfar zana a kansa, na aro ma'aunin zafi muka rataya da zare a cikin ruwan, muka yi kwana uku muna rubuta abin da ya nuna da asuba da azahar da isha'i. Ran da aka kawo kifin da sassafe ya ɗauki jarkar zai juye, na riƙe hannunsa, na miƙa masa moɗa. Ya ce, "Baba, ai tarwaɗa ce, ba ta mutuwa da wuri." Na ce na sani, ya dai zuba a hankali ta gefe. Muka tsuguna mu biyu a bakin tankin, yana tsiyayawa, ni kuma ina taɓa ruwan jarkar da na tankin da bayan hannu, har na daina jin bambanci.